Jirgin Da Ka Nutsar A Gulbi

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ta ɗiya ga mahaifinta, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Baba, ranar da surukinka ya shigo gida jiƙe sharkaf, ba hula ba takalmi, ina kwance ina karanta littafin soyayya a waya. Sai da ya zauna ya daina karkarwa sannan ya iya magana. Sabon jirgin da ya saya don ɗauko shinkafa daga gonarsa ta ƙetaren gulbin Rima ya buɗe a tsakiyar gulbi. Buhuna suka tafi. Shi kuwa Allah ya fito min da shi.

Jirgin nan kyakkyawa ne, Baba. Shuɗin fenti, baki da jan zane, ga araha. Har na riƙa hango mu a ciki da yamma, yana tuƙi ina wasa da ruwa, kamar masoyan littattafaina. Da aka jawo shi gaɓa sai ga farin katako mai taushi, farce ma yana shiga. Ƙusoshin gajeru ne. Tsakanin katako da katako ba auduga ba kwalta, da fenti aka rufe.

A lokacin na tuna naka jirgin. Kafin ciwo ya kwantar da kai, ka cika shi da duwatsu ka nutsar da shi a gefen gulbi. Inna ta yi kuka, ta ɗauka zazzaɓi ne ya taɓa maka hankali. Ni na tambaye ka, ka ce: “Ku bar shi nan ƙasa, ɗiyata. In ya daɗe cikin rana ba mai shiga, tsagewa za shi yi.”

Da ruwa ya ja baya, abokan sana'arka suka taimaka aka kwashe duwatsun. Ya fito baƙi ƙirin, duk laka da gansakuka, amma katakon maɗacin nan ko gezau. Katakon baya kawai aka sauya. Da aka zo toshe tsaga audugar ta kasa, sai na farke matasan kai na ɗakin aurena. Surukinka yana ta dariya, wai yanzu ya san inda barcinsa zai koma.

Da aka ɗora kwalta a wuta, warin ya taso, sai na ji kamar rigarka ce na rungume. Na koma bayan wata bishiya na yi kukana, na dawo.

Na gode, Baba. Ka san ba za ka sake shiga shi ba, amma ka sunkuya da ciwo a jikinka ka ɗauki duwatsu. Yanzu in mijina ya fita, ina iya cin abinci.

Allah ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga Alkausara, ya haɗa mu a Aljanna.

Saura magana ɗaya. Masu ɗibar yashi sun ga jirgin sun taya, Yaya Bello kuma ya ce a sayar a haɗa cikin gado. Na ce a cire rabona daga filinka na Runjin Sambo, a bar min jirgin. 'Yan'uwa sun ce karatun littafi ya ɓata ni. Na sa hannu jiya.

Ɗiyarka,
Hadiza