Randar Kaka da Aka Wanke

Kawu Bitrus,

Wa ya sa wa randar Kaka sabulu? Ka gafarce ni, tambaya ta riga gaisuwa fita. Ina gajiya, ya iyali, ya ƙafar Inna? Mu nan unguwar Karama lafiya lau, sai zafi da aiki.

Na ga bidiyon bikin burukutu a waya. Ga akuya kan wuta, ga baƙi daga birni, amma giyar Kaka ba ta tashi ba, har wani yana dariya wai tsufa ya ci hannunta. Ga randar tana ƙyalli! Kai ma ka sani, ragowar tsohuwar giya da ke manne a cikinta ita ke tayar da sabuwa tun zamanin uwar Kaka. Wani mai son burge baƙi ya goge ta tas. Na ga Kaka a gefe ta sunkuyar da kai. Da ina gida da ba wanda ya taɓa randar nan, abin da ke cin raina ke nan.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa. Amma ran kasuwa, wanda ya aikata ya miƙe a dandali ya faɗa da bakinsa, Kaka tana ji.

Ɗanka,
Dauda