Wasan da Ya Kusa Raba Ni da Ɗana

Anti Rabi, ki taimake ni, bakina ne ya ja mini.

Ni lebura ne a wani sito a unguwar Al Qusais, nan ƙasar waje. Boko kuwa tun aji uku muka rabu lafiya. Ni da matata Murjanatu muna ɗakin katako a falat na haya, yaranmu biyu suna Kano wajen kakarsu. Mai falat ya daɗe da cewa ba ya son kukan jariri. Ranar da ta ce mini tana da ciki, maimakon alhamdulillahi, sai na ce ai sai mu sa shi a kwali mu tura Kano ta kago, jirgin kaya. Ni kaɗai na yi dariya. Ita ta ɗauka ba na so.

Wata ƙawarta ta samo mata ƙwayoyin zubar da ciki, kashi biyu. Ta sha na farko, kafin lokacin na biyu zuciyarta ta juya, ta faɗa mini tana kuka. Muka ruga asibiti, silifas ɗina wari da wari. Likitar ta duba ta, ta ba ta projestaron, sinadarin da ke riƙe ciki, ta ce ba ta yi mana alkawari ba. Yanzu wata shida, yaron har harbina yake in na kai hannu. Ya san mai laifi.

Godiya ta cika ni, har ina son in shelanta maganin nan a kasuwar Naif. Amma Murjanatu ta daina dariyar barkwancina. Abinci tana ba ni, dariyar ce babu. Haƙuri kuwa har yau ban ba ta ba, da na buɗe baki sai wasa ya fito.

Mai Dogon Baki

Malam, barka da arziki. Shelar nan dai ka bar ta. Bincike bai tabbatar maganin ne ke ceto cikin ba. Wani cikin kan zauna da kansa in ba a sha kashi na biyu ba, wasu matan kuma jini ya ɓalle musu. Wadda abin ya sama asibiti za ta nufa da gaggawa. Ga dokar ƙasar mai tsauri, sirrin kuma na Murjanatu ne.

Ba mugunta ka yi ba, amma ita ma ba hauka ta yi ba: ga baƙon wuri, mai falat na kora, miji na dariya. Ka zaunar da ita ka ce kana son ɗan nan, sai ka rufe baki ka saurara. Ka riƙa raka ta awo. Ka nemo ɗakin da ake karɓar jariri tun kafin haihuwa, wannan haƙurin ne za ta yarda da shi.

Allah ya sauke ta lafiya.