Likita na so ta cire wa karena saifa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da za a ji ni a gari. Katako nake sayarwa, kuma shekara tara ke nan karena Sajan yana gadin shagon. Tun da ya zo ko ƙusa ba a taɓa ɗauke mini ba. Wata biyu da suka wuce na same shi kwance ƙarƙashin injin yanka, cikin garin katako, ya kasa ɗaga kai, ciki a kumbure, dasashinsa fari fat. Na kai shi wurin wata likitar dabbobi. Ta yi hoton ciki, ta ce akwai ƙari a saifarsa, mai yiwuwa ciwon daji ne, a cire saifar gaba ɗaya cikin makon nan. Ko kallona ba ta yi ba, tana magana tana rubutu kamar da bango take yi.

Ƙanena yana da kemis, ya san magani. Ya ce saifa ita ce barikin sojojin jiki, wanda ya cire ta ya rushe garkuwar jiki, ƙaramar mura ma sai ta kashe karen. Ya ba ni ƙwayoyin ƙara garkuwa irin na mutane, ina daka su cikin abinci. Kwana biyu Sajan ya miƙe yana haushi! Sau biyu ya sake faɗuwa, sau biyun yana tashi bayan na ƙara ƙwayar. Na koma na gaya wa likitar, a gaban mutane, cewa ita mahauciya ce mai takarda, hannunta ƙaiƙayin wuƙa yake yi. Ta ce in fita. Yanzu Sajan ya sake kwanciya, ba ya ko taɓa ruwa, ƙanena ya ce in ninka maganin. Ni dai raina a ɓace yake da matar nan. Ina zan kai ƙararta, kuma wace ƙwaya ce ta fi ƙarfi?

Mai Katako

Mai Katako, ba zan ba ka sunan wata ƙwaya ba, ba kuma zan nuna maka inda za ka kai ƙara ba. Kai ne ka yi laifi, kuma karenka ne ke biya.

Ƙanenka ya faɗi rabin gaskiya. Saifa tana tace jini, tana kuma ajiye ƙwayoyin da ke yaƙar cuta. Amma ba ita kaɗai ke wannan aiki ba, karnuka da yawa suna rayuwa lafiya lau bayan an cire ta. Abin da bai sani ba shi ne, ciwon daji daga jikin karen kansa yake tsirowa, don haka sojojin jiki sukan wuce shi ba su gane cewa abokin gaba ne ba. Wani lokaci ƙarin kan juya wasu daga cikinsu su koma suna yi masa hidima, yana ƙara girma. Masana suna ta binciken yadda za a farkar da su, amma wannan aiki bai iso kantar kemis ba tukuna. Sayar da magani daban, duba dabba daban.

Tashin da Sajan ke yi kuwa, ba aikin ƙwayarka ba ne. Irin wannan ƙari yakan tsage ya zubar da jini a cikin ciki, kare ya faɗi, jiki ya shanye jinin, ya miƙe kamar ba komai. Farin dasashin nan alamar ƙarancin jini ce. Kana tafa wa ƙanenka, karen yana zubar da jini a gabanka. Wata rana tsagewar za ta yi girman da ba zai tashi ba.

Ba na wanke likitar tas. Mutumin da ya kawo dabbar da ta yi masa gadi shekara tara ya cancanci a dube shi a yi masa bayani, ba a jefa masa hukunci ba. Kuma ba zan yi maka ƙarya ba: in ƙarin mugun ne, tiyata ma watanni kaɗan takan ƙara. Sai dai ba kowane ƙarin saifa ne daji ba, wasu ana cirewa shi ke nan, kuma sai an cire an gwada ake sani. Wannan damar ce kake ta dakawa cikin kwanon abinci tun wata biyu.

Ka daina ba shi maganin mutane yau. Ka sa shi a mota a hankali, kada ka matsa masa ciki, ka je ka ba matar nan haƙuri a gaban mutane kamar yadda ka zage ta. In ta ƙi, nemi wani likitan kafin rana ta faɗi. In kuma aka ce an makara, ka bari likita ya sauƙaƙa masa mutuwa, ka tsaya kusa da shi har ƙarshe, kada ka tura kowa. Allah ya ba shi sauƙi, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.