Ƙwan Fitila Mai Hasken Rawaya

San Luis, Maris

Zuwa ga 'yata Maritza,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya Veracruz, yaya mijinki da jikokina? Tarin Yoel ya yi sauƙi? Mu nan sai godiya.

Labarin garin nan duk na ƙwan fitila ne. Gwamnati ta turo samari da 'yan mata, sun bi gida-gida suna kwance tsofaffin ƙwayaye masu hasken rawaya, suna ɗaura farare masu murɗiya, waɗanda ba sa shan wuta. Tsofaffin kuma su tafi da su. Ni da rawar jiki har na ciro musu na cikin aljihun tebur, na kuma dafa musu kofi. Maƙwabciyarmu Fermina ta ce, "Ke dai Onelia, da haƙoranki suka nema da kin cire kin miƙa." Gaskiya wutar ta rage ɗaukewa, ban da abin cewa a nan.

Babanki ne matsalar. Kin san tun da ya kwanta asibiti bara tunaninsa yake zuwa yana komawa. Da rana lafiya lau, yana zaune a baranda yana zagin kajin Fermina. Amma da rana ta faɗi na kunna fitila, sai ya dubi bango, ya sa hularsa, ya zuba silifas ɗinsa a jaka, ya zauna bakin ƙofa. Ya ce mini, "Malama nas, yaushe za a sallame ni? Matata tana jira."

Farin hasken nan irin na ɗakin asibitin da ya kwanta ne. Ranar farko na yi dariya. Yanzu na daina.

Ki sumbaci yaran.
Mamanki, Onelia

San Luis, Mayu

'Yata Maritza,

Ina fatan kuna lafiya. Na ga hotunan, Yoel ya ɗauko kunnuwan kakansa, Allah sarki yaro.

Kin ce in gwada kyandir. Na gwada, ya ce an ɗauke wuta a asibiti. Na kwaɓa garin rawayar da muke sa wa shinkafa na shafe ƙwan da shi. Kin manta da wa nake yi? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ware ganyen taba kala-kala. Kallo ɗaya ya yi masa ya ce, "Wannan fitilar ciwon shawara take yi, ku kai ta wajen likita."

Fermina, ashe, ta ɓoye tsohon ƙwan fitila ɗaya saboda 'yan tsakinta, tunda sabon ba ya ɗumi. Na roƙe ta. Ta yi mitar duniya, ta ce in 'yan tsakin suka mutu ni zan kwanta kan ƙwai, amma ta kawo da hannunta. Ina ɗaurawa ya yi walƙiya ya mutu. Muka tsaya muna kallon juna, sai ita ta fara kuka.

Abin yana gaba, 'yata. Yanzu har da rana wani lokaci malama nas nake. Shekaranjiya ya ƙi cin baƙin waken da na dafa, wai abincin asibiti ba ya kama ƙafar na Onelia. Ban san ko in ji daɗi ko in fasa tukunyar ba. Na gaji, kuma ina jin tsoro. Mutum yana zaune a gidan da ya gina da hannunsa yana roƙo a kai shi gida.

An ce can wajenku har yanzu ana sayar da tsofaffin ƙwayayen fitila. Reinaldo ɗan Fermina zai dawo daga can, ki ba shi saƙon. Kada ki aiko da magani ko takalmi, su kawai. Ki naɗe su cikin safa.

Taki, Mama

San Luis, Yuli

'Yata,

Gaisuwa gare ki da mutanen gidanki. Saƙo ya iso lafiya, ko ɗaya bai fashe ba. Allah ya yi miki albarka.

Na ɗaura ɗaya a falo tun da sauran rana, na yi wanka, na sa rigata mai furanni. Kada ki yi mini dariya. Da duhu ya fara ya ɗauko jakarsa kamar kullum, sai na kunna.

Maritza, gidanmu ya dawo. Babanki ya daɗe yana kallo. Ya taɓa kujerarsa mai lilo, ya taɓa hoton aurenmu, ya shafa tsagar bangon da ya shekara goma yana cewa gobe zai gyara. Ya rataye hularsa a ƙusarta ba tare da ya duba ba. Sannan ya juyo gare ni, idonsa cike da hawaye, ya kama hannuna biyu. Na ce a raina shi ke nan, ya gane ni.

Ya ce, "Malama nas, na gode da kika kawo ni gida. Don Allah kira mini Onelia."

Na wuce kicin. Na tsaya bayan labule, na dafa murhu, na ɗaga murya yadda na saba tun kina goye. Na ce, "Ina zuwa, tsoho, ka cika gaggawa!"

Na ji ya yi dariya, ya zauna, kujerar ta fara ƙara. Ya ce, "Ke tsohuwa, kofin nan sai an shuka shi tukuna?"

Haka muke yi yanzu kowace yamma. Ba ya ƙara ɗaukar jaka, yana cin abinci, yana barci. Muna hira mai tsawo, shi a falo, ni bayan labule, har ya tambaye ni labarinki. In kofi ya dahu nas ce take kai masa, ya karɓa da ladabi, ya ce ta gaya wa matarsa ta fito ta huta haka nan.

Sauran ƙwayayen na adana su cikin safar. Kada ki damu da ni. In za ki zo a Disamba, ki fara yi masa sallama daga waje kafin ki shigo, murya yake ganewa yanzu.

Mamanki mai ƙaunarki,
Onelia