Baba Ya Ce Aikin Yayata Algus Ne

Anti, don Allah ki taimaka mini, ba ni da wanda zan faɗa wa. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai malami ya kira ni sau biyu nake ɗaga kai. Bana na gama firamare.

Yayata tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake haɗa wani siririn abu kamar leda da ake yin fuskar waya da farantin sola da shi. Ranar da ta kai ni, na ga ɗan gilashi ya kama haske a tafin hannunta. Tun daga nan na ƙudura wannan aikin zan koya.

Matsalar ta faro ne muna cin abinci. Baba ya tambaye ta me take yi takamaimai, ta ce ɗigon wani sinadari daban suke sa wa abin, don wuta ta riƙa ratsa shi da sauƙi, waya ta yi haske ba ta zuƙe batir ba. To Baba zuma yake sayarwa, kuma duk kasuwa an san bai taɓa sa mata ko ɗigon ruwa ba. Sai ya tsame hannu daga kwano ya ce, "Ashe algus muka tura ki koyo." Yaya ta yi dariya, abin ya ƙara ɓaci. Yanzu ya ce ba zan shiga makarantar kimiyya ba, mai algus ɗaya ta ishi gida.

Ina son Baba, amma ba zan haƙura ba. Bakina ne kawai ke mutuwa a gabansa.

Ƙanwar Mai Algus

'Yata, Babanki bai yi laifi ba. Wanda ya tsare mutuncinsa da zuma tsantsa dole maganar gauraye ta firgita shi. Yayarki kuwa ba ta kyauta ba da ta yi dariya, ita za ta fara ba shi haƙuri.

Sai dai algus a ɓoye ake yin sa, kaya su lalace, mai saye ya cutu. Na yayarki a fili ake yi, da awo, don kaya su gyaru, kamar yis a kwaɓin burodi.

Tunda baki na ba ki wuya, bar hannu ya yi magana. Ki roƙi Mama ku gasa burodi biyu, ɗaya da yis, ɗaya babu, ki ajiye gabansa ya zaɓa. In ya ɗauki mai laushin, ki durƙusa ki ce, Baba, wannan ne aikin da nake son koya. In bai sauko ranar ba, kar ki karaya, shi ya fi kowa sanin ba rana ɗaya ƙudan zuma ke cika amya ba.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya buɗe miki ƙofar makarantar.