Injin da ka haɗa saboda kafaɗata

Malam,

Sallama da fatan rahama a makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma da wa zan yi shawara? Gobe za a kai ni Kano, babbar kotun tarayya, in ba da shaida a kan injinka na kaɗa nono.

Ga abin da ya faru bayanka. Alhaji, mai kamfanin da ka yi wa walda tun dawowarmu Dutse, ashe ya yi wa injin rajista da sunansa tun kana raye. Ya zo ta'aziyya da buhun shinkafa, har da hawaye. Ba a yi arba'in ba lauyansa ya aiko wa babban ɗanmu cewa in ya sake ƙera ko guda a shagonsa na unguwar Takur, za a garƙame shagon. Da shagon nan muke ci, Malam. Mun kai ƙara kotun shari'a, alƙali ya raba gado, ya ce batun rajista ya fi ƙarfinsa.

Lauyanmu ya ce magana ɗaya ce: in a bakin aikin kamfani ka ƙirƙiro shi, na Alhaji ne, in a gida ne kafin ka kama aiki, naka ne. To wa ya rage da ya gani in ba ni ba? A tsakar gidanmu na Taura ka haɗa na farko, da sarƙar keke da tsohuwar gorata, lokacin da kafaɗata ta hana ni kaɗa nono. Ka tuna yadda ya watsa maka kindirmo a gemu? Ranar na yi dariya har da riƙe ciki.

Ina jin haushinka, gara ka sani. Ranar baje koli kana tsaye a gefe Alhaji yana ce wa manya injin kamfaninsa ne, ka sunkuyar da kai. Da na yi magana ka ce mutum ba ya yabon kansa. Wannan wace irin kunya ce, da za ta bar 'ya'yanka da shari'a?

Sai ga shi ni ma tawa kunyar ta cim mini. Lauya ya ce za a tambaye ni wa ya ƙera injin, kuma ba za su karɓi Malam ba, ba za su karɓi maigidana ba, cikakken suna suke so. Ka san tun da aka kai ni ɗakinka bakina bai taɓa kama sunanka ba. Ko mai suna irin naka sai in sakaya. Innata ta ce ai sai ƙasa ta tsage in shige. Jiya na rufe ɗaki na gwada, murya ta maƙale. In gobe ta maƙale fa, a gaban Alhaji?

Ni dai na yanke. Kai ka ƙi faɗa, ni zan faɗa, da ƙarfi, yadda magatakarda ba zai ce in maimaita ba. Ka yafe mini, don da ma a kunnenka na so in fara faɗinsa.

Allah ya kai haske kabarinka. Sai mun zo.

Matarka,
mai ciwon kafaɗa