Takwararki Ta Daina Tsawo, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaiki, Inna. Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa na kwance, na zo miki da kukan jikarki, wadda muka sa wa sunanki muke kiranta Inna Ƙarama.

Shekararta goma sha biyu, amma ƙanwarta Safiya ta wuce ta tsawo. Yanzu kwancen Safiya take sawa. Ran nan sabon malamin Islamiyya ya kama hannunta ya kai ta ajin yara. Da ta dawo, tuwo ma ba ta ci ba.

Na kai ta asibiti Sakkwato. Likita ta ce larura ce da ake haihuwar wasu 'yan mata da ita, kuma akwai allurar ƙarin tsawo da ake yi kullum a gida. Ta nuna mini hoton ƙashin hannun yarinyar, ta ce har yanzu ƙashin bai rufe ba, amma ya kusa. In ya rufe, allura ba ta da sauran amfani.

Babanta ya ƙi, Inna. Ɗan yayanki, wanda kika goya. Ba rowa ba ce, albasarsa ta yi kyau bana. Cewa ya yi takwararta ta ɗauko, wai duk Jega wa bai san ke gajera ce ba? A wurinsa, soka mata allura daidai yake da cewa halittarki da aibi. In na matsa sai idonsa ya kawo ruwa, ya jawo maganarki ta kullum: "Gajere ba yaro ba na."

To ke gajera ce, har kan turmi kike hawa ki sauko da ƙwarya muna dariya. Amma lafiyarki ƙalau. Ita wannan ciwo gare ta, kuma ƙaunar da yake miki ce za ta cuce ta.

Na je Aliero wurin Kawu, na je Maiyama wurin Gwaggo. Kowa ya ce in yi haƙuri. Ni zan iya, ƙashinta ne ba ya jira. Tsoro nake ji, Inna. Da kina nan, kallo ɗaya za ki yi masa ya tashi neman mota.

Allah Ya haskaka makwancinki. In ana barin ku zuwa cikin mafarki, kada ki zo mini. Ki je masa.

'Yarki,
Hauwa